Ƙodar Mai Walda

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugabantar makaranta, har sunansa ya ɓace a bakin mutane. Kowa Hedimasta yake ce masa, har matarsa idan ranta ya ɓaci. Dogo ne siriri, ba ya fita sai da riga mai guga da takalmi mai sheƙi. A coci shi ne babban dattijo, kuma shi ke koyar da masu shirin baftisma. Idan ya gama bayanin alheri, cewa kyauta ce da Allah ke yi wa wanda bai cancanta ba, sai ya sa a maimaita sau uku. Wanda ya yi tuntuɓe a tsakiya ya tashi tsaye, ko da yana da furfura.

Bayan ya yi ritaya da shekara huɗu ƙafafunsa suka fara kumburi, takalman suka daina shiga. Da aka yi gwaje-gwaje likita ta ce ƙodojinsa ne suka gaza. Daga nan rayuwarsa ta koma Litinin, Laraba da Juma'a, ranakun wankin ƙoda a asibiti. Ɗaki ne mai gadaje takwas, kowane gado da injinsa. Yakan kwanta awa huɗu yana kallon jininsa yana fita ta wata siririyar roba, ya zaga cikin inji ya dawo. Ruwan sha ma sai da awo, a ɗan kofi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ma'aikaciyar jinya, yarinyar da ba ta kai sa'ar autarsa ba, ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, miƙo hannu," shi kuma ya miƙa.

Likita ta ce mafita ita ce dashen ƙoda. Babban ɗansa ya zo gwaji, aka tarar yana da hawan jini. Na biyun jininsu bai dace ba. 'Yarsa Auta tana da tsohon ciki, matarsa Mama kuwa ga shekaru ga ciwon suga. Hedimasta ya ce a bar maganar, Allah ya san abin da yake yi. A ransa kuwa yakan tambayi kansa, duk hidimar da ya yi wa Ubangiji, a ce nan za ta ƙare?

Wata Laraba likita ta ja kujera kusa da gadonsa tana murmushi.

"Baba, an samu. Kuma komai ya dace yadda muke so."

"Waye?"

"Mijin 'yarka. Wata biyu ke nan yana zuwa gwaji. Ya ce kada a faɗa maka sai an tabbatar."

Hedimasta ya juya fuska wajen bango har injin ya tsaya.

Mijin Auta mai walda ne, ana ce masa Tartsatsi. Hedimasta ya san shi tun yana ɗalibi, domin da hannunsa ya kore shi daga makaranta ranar da ya shigo aji yana warin giya. Daga baya ya sha ganinsa a bakin titi yana tangaɗi. An ce ya tuba, ya bar sha, yana zuwa coci yana zama can baya. Hedimasta ya ce za a gani. Da yaron ya zo neman Auta ya ƙi, sai da Mama da fasto suka yi ta fama kafin ya saki. Shekara shida ke nan da auren, bai taɓa ce masa suruki ba. Idan zai ambace shi sai ya ce, "wannan mai waldar."

Washegari da safe ya sa aka kai shi shagon, wurin da bai taɓa takawa ba. Rumfa ce ta kwano, an jingine ƙofofi da tagogin ƙarfe a jikin bango, ƙasa duk guntayen rodi. Tartsatsi yana durƙushe a kan wata ƙofa, fuskarsa a rufe da baƙin gilashi, wuta tana feshi. Da ya hango wanda ke tsaye, ya kashe inji da sauri, ya kife bokitin fenti ya shimfiɗa kwali a kai.

"Baba, da kanka? Ai da ka aika na zo. Zauna, rana ta yi."

"Ba zama ya kawo ni ba," in ji Hedimasta. Amma ƙafafunsa suka ƙi, dole ya zauna. "Zuwa na yi in ce maka ka janye. Kana da mata, ga haihuwa a gaba. Ni na ci zamanina."

"Mun yi magana da ita, Baba. Likita ma ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Guda ɗaya ta ishe ni."

"To me kake nema a wurina?"

"Babu."

"Kada ka raina mini hankali. Mutum ba ya yanka jikinsa a banza. So kake a ce kai ne na kirki, ni ne mugu?"

Tartsatsi ya cire safar hannunsa ya ajiye, ya tsuguna a gabansa.

"Baba, korar da ka yi mini, ai da gaskiyarka. Ko ni ne zan kori kaina. Bayan nan na yi shekara goma ban san safe ba ban san yamma ba. Da na fara zuwa coci, kada ka ɗauka na daina ne. Sau nawa na yi alkawari ranar Lahadi, kafin Talata na karya. Har na gaji da kaina, na ce wa Yesu, ni dai ba ni da abin kawo maka, in za ka karɓe ni a haka to ga ni. Ya kuwa karɓe ni. Barin shan ma daga baya ya zo, a hankali, kuma ba da ƙarfina ba. Yau shekara sha ɗaya." Ya ɗan yi dariya. "Jikin nan da na so in lalata, aka gwada aka ce ƙalau yake. To ni na tsare shi? Abin da aka ba ni kyauta ne, Baba. Ban ga dalilin da zan tsaya duba wanda ya cancanta ba."

Kalmar ta soki Hedimasta. Ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Na dai faɗa maka," ya koma mota.

A gida ya tarar da Mama tana gugar rigunansa a falo. Ya gaya mata inda ya je da abin da ya faɗa. Ba ta ɗago ba sai da ta gama hannun rigar, ta jingine dutsen guga.

"Hedimasta," ta ce. Nan ya san akwai magana. "Da babban ɗanka ne ya dace, za ka karɓa?"

"Wannan ai ɗana ne. Ni na haife shi, ni na yi masa komai."

"Yauwa. Wato wanda ka yi wa wani abu shi za ka karɓa a hannunsa. Shekara arba'in da uku ina zaune da kai, ko ruwa aka miƙo maka sai ka nemi abin da za ka mayar. Kana tsayar da tsofaffi a aji don sun kasa faɗin ma'anar alheri. Ga shi yau ya zo har ƙofarka da kayan aiki a jikinsa, ka ce ya koma."

"Ke ba ki gane ba. Da wane ido zan dube shi?"

"Da idon da kake duban Ubangiji. Ko shi ma kana ganin ka biya shi ne?"

Ta ɗauki wata rigar ta shimfiɗa. Shi kuwa ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Ya so ya yi addu'a irin wadda ya saba yi a gaban jama'a, mai tsari, mai farko da ƙarshe, amma kalmomin suka ƙi zuwa. Sai ya ga kansa yana jero wa Allah shekarun hidima, da azumi, da mutanen da ya koyar, ya kuma ji kunyar jerin tun bai kai ƙarshe ba. Ya daɗe zaune a bakin gado, kumburarrun ƙafafunsa a kan tabarma. Daga ƙarshe abin da ya iya faɗa bai wuce wanda ya ji a shagon walda ba: ba ni da abin kawowa. Ya yi kuka, abin da rabonsa da shi tun rasuwar mahaifiyarsa.

Kwana tara ya ƙara yana kokawa da zuciyarsa. A rana ta goma ya ce wa Auta ta kira masa mijinta a waya. Da aka miƙa masa, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Na karɓa," ya ce. "Na gode."

An yi aikin wata biyu bayan Auta ta sauka. Kwana uku da fitowa daga ɗakin tiyata, ma'aikaciyar jinya ta tashe shi ta ce sai ya taka. Ya fito barandar asibiti a duƙe, yana tura ƙarfen ƙarin ruwa, sai ga Tartsatsi daga ɗaya ƙarshen, shi ma a duƙe, hannu a kan ciki. Suka haɗu a tsakiya kamar tsofaffi biyu.

"Baba, yaya baƙuwar? Tana aiki?"

"An ce tana yi. Tun jiya ban huta da zuwa bayan gida ba."

"Madalla. Amma in faɗa maka gaskiya, ta taɓa shan abin da bai kamata ba. Sai dai tubabbiya ce, ka riƙe ta da haƙuri."

Dariya ta kama Hedimasta, ɗinkin ya ja shi, ya dafe bango yana cewa, "Kai, surukina, za ka kashe ni." Bai san kalmar ta fita ba sai da ya ga mutumin ya sunkuyar da kai yana share ido da bayan hannu.

Ba a ce Hedimasta ya tashi daga gadon asibiti ya zama wani mutum dabam ba. Mako biyu da komawa gida ya yi wa Mama faɗa a kan an canza wa magungunansa wuri. Bambancin shi ne da yamma ya same ta a kicin ya ce ta yafe masa, har cokali ya faɗi daga hannunta. Ya yi ta neman hanyar rama wa surukinsa, yau ya ce zai ba shi motarsa, gobe ya ce zai tashi a coci ya ba da labari. Tartsatsi ya ce, "Baba, in kana so ka yi mini wani abu, ka sha maganinka a kan lokaci." Wannan ma sai da ya koya, ya zauna da abin da ba zai iya mayarwa ba. Wata rana yakan ji daɗin haka, wata rana abin ya yi masa nauyi. Da ya kai kuka wurin fasto, sai fasto ya ce masa alherin da ya karɓi mutum shi ne kuma ke rainonsa, kuma raino ba ya yiwuwa da gaggawa.

Da ya samu ƙarfi sai wani mutum ya riƙa faɗo masa a rai. Mai kiɗan coci ne a da, shi ke buga jita. Shekara takwas da suka wuce aurensa ya mutu, aka yi ta surutu, Hedimasta ya tsaya a taron dattawa ya ce sai an dakatar da shi, bai ko saurari bakinsa ba. Mutumin ya ajiye jitar ya fita, bai sake shiga wata coci ba. Aka bincika aka ce yanzu yana gyaran wayoyi a wani ɗan shago kusa da tashar mota.

Tartsatsi ne ya kai shi, ya tsaya a mota. Shagon bai fi faɗin gado biyu ba, ga wayoyi a buɗe a kan tebur, ga fitila mai lanƙwasa. Mai jita ya ɗago ya gan shi, ya mayar da kansa kan aikinsa.

"Waya ce ta lalace?"

"A'a. Ni ne na yi maka ba daidai ba, na zo in faɗa da bakina. Ban ji ta bakinka ba na yanke maka hukunci. Ka yafe mini."

Mutumin ya ci gaba da kwance ɗan ƙaramin noti. Can ya ce, "Shekara takwas, Hedimasta. Ko mutum ɗaya bai leƙo ni ba. Yanzu don ka ga mutuwa da idonka shi ne ka tuna da ni?"

"E," in ji Hedimasta. "Haka ne. Da ban kwanta ba, da ban zo ba."

Da alama ba amsar da mutumin ya zata ke nan ba. Ya ajiye abin hannunsa ya dube shi sosai, tsoho a tsaye da sanda, rana tana dukan ƙeyarsa.

"Ba zan ce maka na yafe yau ba. Ƙarya zan yi."

"Ban zo in tilasta ka ba. Zan iya dawowa?"

Wata mata ta iso da waya mai fasasshen gilashi, Hedimasta ya matsa gefe ya ba ta wuri. Ya jira har aka gama da ita. Sannan mai jita ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ranar Asabar ba na cika samun mutane da safe."

A mota Tartsatsi ya tambaye shi yadda aka yi.

"Bai yafe ba," in ji Hedimasta yana gyara zama. "Ranar Asabar kana da aiki da safe?"

"Akwai wata ƙofa da zan kai, amma za ta jira."

"A'a, ka kai wa mutane ƙofarsu tukuna. Ni zan jira ka."