Safiyar da Raɓa ta Daskare

Wiebke na ɗaura takalmin zuwa aiki ta ji ana dukan bango da sanda daga gidan maƙwabcinta. Ta kwasa a guje ko rigar sanyi babu, don tun kaka likita ya ce Baba Onno ba zai ga bazara ba.

Ta same shi zaune a gado, idanu na ƙyalli.

"Ta sauka, 'yar nan! Ja labule!"

Raɓa ce ta daskare. Lambun da tsohon ya ƙare ƙarfinsa a kai ya yi fari fat.

"Fitar da ni."

"Baba, ɗanka ya ce ko taga kar a buɗe."

"Tjark yana Hamburg. Sanyi ne zai kashe ni? Ai ya makara, an riga shi!"

Dariya ta kufce mata. Ta naɗe shi da barguna, ta kafa masa hular ulu, ta tura shi waje a kekensa na marasa lafiya. Ciyawa na ƙaras-ƙaras a ƙasa. Kowane ganye an bi bakinsa da fari kamar an barbaɗa sukari, saƙar gizo-gizo a ƙyaure ta zama farin zare mai kauri. Da rana ta leƙo, wurin ya ɗauki walƙiya gaba ɗaya.

"Kai! Kai! Dubi itacen tuffa!" Yana buga hannun keke. "Tsinko min kabejin can. Sai sanyi ya dake shi yake zaƙi."

Ta tsinko masa. Ya tura ganyen a baki, ya yamutsa fuska.

"Ɗaci ne?"

"Haƙoran roban na baro a kofi, sarkin tambaya. Je ki dafa."

Ranar ba ta je aiki ba. Ta dafa kabejin da dankali da kyafaffen nama. Ya ci kaɗan, ya ce gishiri ya yi yawa, ya sa ta juya gadon ya fuskanci taga. Barcin da ya yi ke nan bai farka ba.

Da Tjark ya iso da yamma, ba ta ɓoye masa komai ba. Ya dubi tukunyar da ke kan murhu.

"Akwai saura?"

Ta miƙa masa tukunyar. A tsaye ya ci, a bakin taga. Ruwa na ɗiga daga rassan, amma gindin shinge, inda rana ba ta kai ba, har yanzu fari ne.