Sunan Ɗiyar Fari

Suwaiba ɗiyar Mamani mai gyaɗa ita ke awon jarirai a wani ƙauye bayan Birnin Lalle. Bara aka kira ta Dakoro formasiyo na kwana goma, ita da wasu mata ma'aikatan lafiya, a koya musu yadda za su koya wa iyaye renon ƙananan yara.

Malamarsu, Madam Furera, daga Maraɗi ta zo. Maganarta kullum guda ce: uwa ta dubi ɗanta ido cikin ido, ta kira sunansa, ta yi masa hira tun bai san magana ba. Da 'yar tsana ake gwadawa, kuma wallahi babu wadda ta kai Suwaiba iyawa.

To, ita fa tana da ɗiyar fari, Ramla, mai shekara uku. Kunyar ɗan fari kuwa a gidansu ba abin wasa ba ce. Ba ta taɓa faɗin sunan ba, ba ta taɓa yi mata wasa gaban mutane ba. Ana yaye ta, Uwa, mahaifiyar mijinta, ta goye ta zuwa ɗakinta, shi ke nan. Tun da aka fara karatun nan abu ɗaya ke cin Suwaiba a rai: in ta kira yarinyar, za ta zo?

Ranar ƙarshe Madam ta ce kowa ta gwada da yaro na gaske. Suwaiba ta aika, Uwa ta biyo motar kasuwa da Ramla.

"Yau zan ga abu," in ji Uwa. "Da bakinki za ki kira ta, gaban jama'a?"

"Aiki ne, Inna."

"Aikin ya sha wuya. To, ga ta nan."

Suwaiba ta durƙusa bisa tabarma ta miƙa hannuwa.

"Ramla," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

Yarinyar tana wasa da bakin mayafin kakarta. Suwaiba ta sake kira, da ɗan ƙarfi. Sai Ramla ta dube ta, ta ja da baya, ta shige bayan Uwa.

"Inna, mi na yi ma matar Baba?"

Wasu suka yi dariya. Suwaiba ta daɗe a durƙushe, hannuwan a miƙe.

Takardar shaida dai an ba ta, kamar kowa. Da mata suka watse ta tsaya bakin teburin malamar.

"Madam, shekara uku, an makara ne?"

Madam Furera ta yi ta jera takardunta. "A ci gaba da ƙoƙari," ta ce, ba ta ɗago ba.

A waje Uwa ta riga ta goye Ramla, ta nufi tasha kada mota ta cika. Suwaiba ta tsinci takalman yarinyar a bakin ƙofa, ta bi bayansu.