Ranar da Sa'adiya Ta Goyi Inna

Sa'adiya na tsakiyar suyar albasa wayarta ta ɗauki ƙara mai tsinka zuciya, ta 'yarta Rawan ma ta amsa daga falo. Saƙon gargaɗi ne, irin wanda ake turo wa mutanen Makka idan hadari ya taso: iska mai ƙarfi da tsawa da ruwa, kowa ya shiga gida, a nisanci kwari da hanyoyin ruwa. Ta kashe gas ta leƙa ta taga. Ko la'asar ba a kira ba, amma sararin da ke bayan duwatsu ya yi baƙi ƙirin. A titin Mansur masu shaguna sun fara jan ƙofofi, mai tsiren bakin layi yana ta kwashe kayansa da gudu-gudu.

"Rawan, rufe tagogi ki kira Abbanki. Ni zan hau wajen Inna."

"Tayyib, Ummi. Amma kin san ta, ba za ta sauko ba," in ji Rawan, da Hausarta mai ƙamshin Larabci.

Gidan nasu tsohon bene ne a gangaren dutse. Mutanen ƙasa ruwa ke shigar musu, na sama kuma iska ce abin tsoronsu, shi ya sa tun da daɗewa duk lokacin da gari ya ɓaci kowa ke taruwa a hawa na tsakiya, wajen Sa'adiya, inda akwai wani lungu tsakanin ɗakuna da ba shi da taga. Can a saman benen akwai ɗaki guda na bulo da rufin kwano, kuma a nan Inna Safara'u take. Tsohuwa ce 'yar ƙasar Sakkwato da ta zo aikin hajji tun Sa'adiya na amarya, ta yi zamanta ba ta koma ba. Ba ta da takardar zama, ba ta da ɗa ko jika a garin. Yaji take dakawa tana sayar wa masu tsire, kuma a bayanta Rawan ta yi wayo.

Sa'adiya ta same ta durƙushe a gefen tabarma a ƙofar ɗakin tana tattara barkonon da ta shanya. Ƙafafunta da suka daɗe da kumbura sun yi sumtum, numfashinta na fita da ƙyar.

"Madalla da kinka zo, ɗiyata. Taya ni kwashe tonkan ga kafin ruwa shi taɓa shi."

"Inna, bar barkonon nan. Tashi mu sauka."

"Iska ta, yanzu ta wuce. Hadari nawa na gani bisan ga?"

"Ba irin wannan ba. Dubi can."

Tsohuwar ta ɗaga kai. Daga wajen unguwar Hindawiyya wata ƙura ta miƙe tsaye tana juyawa, ledoji da kwalaye na yawo a cikinta kamar tsuntsaye. Kafin ta ce wani abu iskar farko ta iso. Ta ɗaga tabarmar gaba ɗaya, ta kife turmin garin yajin da ke gefe, jan gari ya turnuƙe su. Su biyun suka kama atishawa da hawaye, kwanon ɗakin na ta ɓaɓatu a bayansu.

"To, na yarda," in ji Inna tana goge ido da gefen mayafi. "Amma ƙahwahun ga ba su kai ni ƙasa."

Gaskiya ta faɗa. Ta yi watanni ba ta taka matakalar ba, Sa'adiya ce ke hawo mata da abinci da ruwa. Sa'adiya ta dubi ƙofar matakala, ta dubi sama, sai ta warware mayafinta ta juya baya ta durƙusa.

"Hau."

"Ke, ni za ki goya? Da girmana?"

"Inna, ke kika goya mini Rawan har ta yi ƙafa. Hau, Allah Ya bar mana ke."

Ta hau tana dariya tana tari. Sa'adiya ta ɗaure mayafin a ƙirji kamar yadda ake ɗaure zanen goyo, ta miƙe. Abin da ya ba ta tsoro ba nauyin tsohuwar ba ne, rashin nauyinta ne. Ta bi matakalar a hankali, hannu ɗaya a bango, ɗaya a ƙarƙashin Inna, tana jin bugun zuciyar tsohuwar a bayanta, wani lokaci da sauri, wani lokaci kamar zai tsaya.

A lungun suka tarar da Manar, matar da ke hawan ƙasa, ta riga ta hawo da 'ya'yanta da bargo. Rawan ta shimfiɗa katifa ta kashe wutar gidan daga makunna, ta kunna fitilar waya. Da ta ga uwarta da goyo sai ta rufe baki.

"Ya Sitti, kakata, yau ke ce jaririya?"

"Ni ta. A ba ni nono in sha," in ji Inna, yaran Manar suka ƙyalƙyale da dariya.

Sannan ruwan ya sauko. Ba a jin komai sai rugugi, ana kuma jin ƙarar ruwan da ke gangarowa daga dutse yana bin layi da duwatsu da shara. Hankalin Sa'adiya ya koma kan mijinta, Abdulganiyyu, wanda ke waje da tasinsa. Da ƙyar wayar ta shiga.

"Ina kake, Abu Rawan?"

"Ina kusa. Idan na bi ta ƙarƙashin gada yanzu zan iso."

"Kar ka bi. Don Allah kar ka shiga ruwan nan, ko ya yi maka kamar kaɗan ne. Mu duka muna lungu, har Inna."

Ana jin ruwa na dukan gilashin motar. "Halas, shi ke nan," ya ce. "Akwai masallaci a kan tudu nan gabana. Zan ajiye motar in shiga."

Ba ta daɗe da ajiye wayar ba suka ji wata irin ƙara daga sama, kamar ana yage ƙarfe, sannan wani abu mai nauyi ya daki bangon maƙwabta ya faɗa layi. Ƙaramar 'yar Manar ta fashe da kuka. Inna ta jawo ta jikinta.

"Rufin ɗakina na, ya tahi yawo," ta ce a hankali. "Yi shiru, 'yar albarka. Ina kamar ke guguwa ta same mu a gona, ni da babana. Babu ɗaki, babu lungu. Ya kwantar da ni cikin kwari ya ruhe ni da jikinai, munka ji ta wuce bisa kanmu. Da munka koma gida, rumbunmu babu hula. Ga ni nan har yau. Ke ko kina da bango huɗu da uwarki."

Yarinyar ta daina kuka tana wasa da carbin tsohuwar. Sa'adiya kuwa hankalinta ya koma saman benen. Tana tuna inda tabarmar take ɗazu, da inda gadon Inna yake.

Kafin magariba gari ya lafa. Abdulganiyyu ya dawo da ƙafa, wandonsa naɗe har gwiwa, ya ce motocin da suka bi ƙarƙashin gadar sai rufinsu ake hange. Ya hau sama ya duba, ya sauko da akwatin kayan Inna da butarta. Ɗakin ya zama fili, katifar ta sha ruwa, barkono ko ƙwaya ba ta rage ba.

"To, yau duk Mansur sun sha yaji kyauta," in ji Inna. "Allah Shi sa sadaka ta."

Abdulganiyyu ya ce zai nemo mai gyara. Sa'adiya ta ce ba sauri, ta sa aka kai gadon Rawan kusa da taga aka kwantar da Inna a kai, ita Rawan ta koma katifa a ƙasa.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi daɗi. Garin ya yi sanyi, mutane na kwashe laka daga shaguna, Inna na kallon su ta taga tana faɗin sunan kowa da na ubansa. Masu tsire suka riƙa hawowa gaishe ta, kowa da ɗan ƙullin nama, ita kuma tana yi musu faɗan sun fara sayen yajin leda. Da safe Sa'adiya na dama mata kunu, da yamma Rawan na shafa mata mai a ƙafa tana ba ta labarin makaranta rabi da Hausa rabi da Larabci, Inna na gyara mata Hausar. Amma cokalin kunun kullum raguwa yake. Abdulganiyyu ya kawo wani likita abokinsa, ya auna ta ya fito falo ya ce zuciyar ta gaji, ya rubuta abin da zai sauƙaƙa mata numfashi. Sa'adiya ta koma ɗakin ta zauna a bakin gado.

"Inna, ko mu kai ki asibiti? Abu Rawan ya ce zai san yadda zai yi."

"A'a, ɗiyata. Ba tsoro nike ji ba, nan ɗin na nike so. Da ina bisa ni kaɗai, sai dai ki hawo da kwano ki ishe ni. Yanzu ko ina jin motsinku, ina jin kina yi ma Rawan hwaɗa. Ya ishe ni."

Ranar wata Laraba da hantsi ta ce a buɗe mata taga, a haɗa mata shayi da na'ana'a. Sa'adiya ta kawo, ta tallafe ta ta kurɓa sau biyu. Inna ta ce ya yi zaƙi daidai. Ta jingina kanta a kafaɗar Sa'adiya tana motsa baki, Sa'adiya na karanta mata kalmar shahada a kunne, tana amsawa ƙasa-ƙasa. A layi wani na wanke ƙofar shagonsa da tiyo. Can Sa'adiya ta ji kan ya ƙara nauyi a kafaɗarta. Ta daɗe a haka ba ta motsa ba, kafin ta ajiye kofin ta shafa mata ido ta kira Rawan.

Rashin takarda ya sa Abdulganiyyu ya wuni yana zirga-zirga, shi da dattawan unguwa da suka tsaya mata shaida, har Allah Ya sa komai ya daidaita. Washegari Sa'adiya da Manar suka shiga wajen yi mata wanka da kansu. Bayan sallar azahar aka sallace ta a Harami, Sa'adiya na cikin sahun mata, tana jin muryar ladan na kiran sallar gawa, dubban mutanen da ba su taɓa sanin Inna ba suna ɗaga hannu suna yi mata addu'a. Ta yi kuka, amma kukan bai yi mata ɗaci ba. Maza suka wuce da ita maƙabartar Shara'i, masu tsiren Mansur na rige-rigen kama makara.

Gidan ya cika da masu ta'aziyya, sannan ya koma shiru. Rawan ta ƙi komawa gadonta, ta ci gaba da kwana a katifar ƙasa, ba wanda ya hana ta.

Sai da aka yi makonni Sa'adiya ta sake hawa saman benen, da kwandon wanki a kugu. Abdulganiyyu ya share wurin ya ɗaura sabuwar igiya. Ta shanya riga ɗaya, ta ɗauko ta biyu, sai idonta ya kai kan duwatsun da ke bayan unguwa. Tun tasowarta baƙaƙe ta san su, ƙonannu. Yanzu ciyawa ta fito musu, kore shar tun daga gindi har ƙoli, wasu awaki na hawa a hankali suna kiwo. Ta tsaya da jiƙaƙƙiyar rigar a hannu, ruwa na ɗiga a kan ƙafarta.