Gidan Kobad a Jikin Kantha

Uwar Sattar ta ɗinka gidan Kobad a jikin kanthar da take yi wa jikarmu. Kantha mayafi ne da matanmu ke haɗawa da tsofaffin yadudduka su yi masa zane da allura. Uwar Sattar matata ce, sunanta Alekjan. Kobad ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba na magana da shi, kuma ta san haka.

Abin da ya raba mu ya daɗe. Bayan rasuwar mahaifinmu muka yi saɓani a kan kurmin gora da ke tsakanin gidana da nasa. Ya kai ni gaban dattawan ƙauyenmu, Shimulkandi. A nan, jama'a na zaune, ya kira sunana gatsal, Eklas, kamar yana kiran yaron da ke masa kiwo. Ni da na sha goya shi ina tsallaka ruwa da shi. Dattawa suka raba gorar gida biyu. Gorar ba ta dame ni ba. Daga ranar ban sake buɗe masa baki ba.

Daga baya kogin Jamuna ya zo ya ci gorar, ya ci gidajen, da masallaci, da maƙabarta, da Shimulkandi gaba ɗayanta. Muka kwashe kwanon rufinmu muka hau kan ganuwar ƙasa da aka tayar don tare ruwa. Ni na kafa a wannan bakin, Kobad ya kafa can ƙarshe. Mutane suka ce tunda abin faɗan ya nutse sai a shirya. Na ce musu gora kogi ya tafi da ita, bai tafi da abin da kunnena ya ji ba.

Mu biyu ne a gida, ni da uwar Sattar. Ɗanmu Sattar yana birnin Gazifur da matarsa da 'yarsu Moyna, duk suna aiki a masana'antar ɗinka riguna. An sa bikin Moyna bayan girbin shinkafa, kuma a nan gida za a yi. Amarya ba ta fita ba tare da kantha daga hannun gidansu ba. Matan gidan miji za su baza ta a tsakar gida, su duba bayanta kafin su duba gaba, su san daga wane irin gida yarinya ta fito.

A Shimulkandi babu macen da ta kai uwar Sattar riƙe allura. Ba don matata ce na faɗa ba. Ta wanke tsofaffin sarinta da tsofaffin zannuwana, waɗanda suka yi laushi har ba sa ɗauruwa, ta shimfiɗa su wani kan wani a tsakar gida, ta kafe kusurwoyin da ƙayar dabino, ta kama su da dogon ɗinki. Sannan ta fara daga tsakiya da furen bado. Zaren kuwa daga bakin tsofaffin sari take zaro shi, sili-sili, ta naɗe a tsinken gora. Ba ta yarda da na kanti. Ta ce yana yanka tsohon yadi.

Ta ce mini Moyna a kan ganuwa aka haife ta, ba ta taɓa ganin Shimulkandi ba. Don haka za ta ɗinka mata ƙauyen kewaye da badon. Na ce ta yi abin da ta ga dama.

Akwai abin da ba wanda ya sani sai ni. Idonta ya yi yana. Tana ganin launi, yatsunta kuma sun san hanya, amma kafar allura ta daina gani. Ta gwammace mutuwa da matan ganuwa su ji wannan. Saboda haka kullum bayan sallar asuba nake tura ƙofa, in zauna inda haske ke shigowa ta ɓular kwano, in zura mata zare a allurai masu yawa, in soke su a jikin matashin kai, kore gefe guda, ruwan ɗorawa gefe guda, ja gefe guda. Ba aikin namiji ba ne. Na yi. Takan ce yatsuna kamar igiyar ɗaure jirgi, in ce mata ta yi shiru ko ta zura da kanta.

Ana cikin damina jan zarenta ya ƙare. Daga sarin da mahaifiyata ta saya mata take zaro shi, kuma ta cinye bakinsa kaf, ga jajayen furannin bishiyar gurjiyar da ke mashayar ƙauyenmu ba ta gama ba. Ta yi kwanaki tana ƙorafi. Wata safiya na tarar da sabon naɗi a tsinke, ja iri ɗaya sak. Na zura. Ban tambaya ba.

Labarin kanthar ya bazu a kan ganuwa. Wata la'asar matan tsohon ƙauyenmu suka zo kallo. Ina bakin ƙofa ina gyaran taru. Aka baza ta a kan tabarma, suka durƙusa, kowacce na neman gidanta.

Tsohuwa Komola, maƙwabciyarmu tun a Shimulkandi, ta ɗora yatsa a wani wuri. "Uwar Sattar, wannan ce saniyata? Ai wannan akuya ce, akuyar ma mai jinya."

"Haka take ranar da kika sayar da ita. Ni ma na ƙara mata nama."

Suka kwashe da dariya. Wata ta yi ƙorafin an rage mata bishiyar ayaba. Wata ta samu maƙabarta a kusurwa, ta dafa wurin, ta ja mayafi ta rufe fuska. Aka bar ta. Sai Komola ta matsa da yatsanta kusa da gidana.

"Ga gidan Kobad ma, har da tulun Sobura a ƙofa." Sobura matar Kobad ce. Komola ta juyo wajena. "Baban Sattar, ashe an shirya, ba a ko aiko mana da shinkafa mai zaƙi ba?"

Ba wadda ta yi dariya. Na ci gaba da taruna har suka watse.

Da muka rage mu biyu na tambaye ta. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce mahaifiyata sari biyu ta saya iri ɗaya, ɗaya nata ɗaya na Sobura, kuma babu inda za a samu wannan jan sai can. Ranar da na tafi kasuwa ta bi ganuwa har ƙarshe. Sobura ta ɗauko sarin daga akwati ta yage mata bakinsa gaba ɗaya. Na ce to ladan kenan, ta roƙi a sa gidanta. Ta ce Sobura ba ta roƙi komai ba, ba ta ma san abin da ake ɗinkawa ba.

"To me ya kai gidan nan wurin?"

"A wurin yake," in ji ta.

Na ce ta farke shi. Ta ce yadin ya tsufa, in aka farke sai huji. Na ce hujin ya fi. Ta tashi ta ɗora tukunya.

Washegari bayan asuba ban tura ƙofa ba. Na ɗauki taru na fita.

Ta yi aiki da alluran da suka rage a matashi har suka ƙare. Guntun zaren da a da take yarwa, shi ma ta ɗinke shi har sai da allura ta kasa juyawa. Daga nan ta fara gwada zurawa da kanta. Ina ganinta ta gefen ido. Ta lashi zaren, ta murza, ta ɗaga allura wajen haske, ta tura, ya wuce ta gefe. Ta sake. Wani lokaci ta yi zaton ya shiga, ta ja, allura ta zo fanko. Da ta ji takun mutum sai ta tura komai ƙarƙashin cinya.

Abin da ya rage bakin kanthar ne, gefe guda da ɗan wani abu. Nan ne ake yin ɗinki mai yawa da ke kame yaduddukan su zama ɗaya. In babu shi, gefen na buɗe, ana ganin tsummokaran da ke ciki. Ko 'yar koyo ba ta ba da kantha haka.

Mata suna tambayarta ina aka kwana. Ta ce musu wuyan hannunta ke ciwo. Ba ta ambaci idonta ba, ba ta ambace ni ba. Abincina bai taɓa makara ba. Shinkafa da miyar kifi da ɗanyen barkono a gefe, yadda nake so. Ta naɗa mini ganyen taunawa bayan na ci. Ba ta roƙe ni ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba. Na san za ta gaji. Tun da na aure ta ba ta taɓa tsallake maganata ba.

Aka yanke shinkafa. Sattar ya bugo waya ya ce suna nan tafe. Moyna ta karɓe wayar.

"Tsoho, an gama kanthata, ko kai ne ka shige ciki kana barci?"

Na ce ta tambayi kakarta. Uwar Sattar ta ce mata saura kaɗan.

Wata rana da azahar ta tafi rijiya. Na ɗauko kanthar na baza, da reza a hannuna. Ban yi makaranta mai nisa ba, takarda sai an karanta mini. Wannan kuwa ba sai an karanta mini ba. Ga hanyar masallaci, ga tafkin da muke jiƙa rama, ga gurjiya da furanninta. Ga gidana da kabewa a kan rufi. Ga gorar, a dunƙule, ba a raba ba. Ga gidan Kobad, da wani ɗan mutum a ƙofa, ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Kobad ya faɗo daga bishiyar dabino yana yaro, tun daga nan yake ɗingishi. Aikin ya yi kyau. Ba zan ce bai yi ba.

Na juya bayan. Zaren gidan ya ratsa yaduddukan duka, ya sarƙe da na gorar, na gorar ya sarƙe da na bangon gidana. Ban san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Kuma namiji ba ya sa reza a aikin mace. Na ninke na mayar.

Na yi tunani na samo hanya. Ban ga aibinta ba, har yanzu ma ban gani ba.

Da safe bayan sallah na tura ƙofa. Na zura allurai fiye da kullum, har idona ya yi ruwa. Na ɗauki matashin na ajiye a gabanta. Ta kai hannu ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta bi zaren da yatsa har ƙarshe.

Na ce mata na janye maganar farkewa. Na ce ta ɗauki zare ruwan ɗorawa ta bi ta kan gidan, ta mai da shi tulin karan shinkafa. Kowane gida a Shimulkandi yana da tulinsa, babu wanda zai tambaya. Yadi ba zai huje ba, aiki ba zai ɓaci ba. In ta yi haka zan zura mata har ta kame bakin, ko da zan bar fita kamun kifi. Na faɗa mata dalilina kuma, abin da ban saba yi ba. Matan gidan miji za su tambayi Moyna gidan wane ne wannan, ta ce na ƙanen kakana ne, sunan Kobad ya shiga gidan baƙi a ɗinke kusa da nawa. Mutumin da ya zubar da ni a gaban jama'a.

Hannunta na kan alluran.

"A gidan nan na Kobad na haifi Sattar," ta ce. "Ka tafi sayar da rama, ruwa ya ɓalle rufinmu. Sobura ce ta ja ni ciki, a cinyarta ya faɗo. Yarinya za ta nemi inda aka haifi ubanta, in nuna mata kara?"

Na ce na san inda aka haifi ɗana. Na ce ba wannan ake magana ba. Lokaci ya ƙure, ko yau ta fara da ƙyar za ta gama.

Na ce, "Sai yarinya ta tafi da gefe a buɗe? Za su baza ta a tsakar gida su yi dariya."

"Za su yi," in ji ta.

"Ke za su yi wa, ba ni ba. Za a ce Alekjan ta Shimulkandi ta kasa kame bakin kantha."

Ta ɗauke hannunta daga kan alluran. Ta turo matashin a hankali har ya taɓa gwiwata.

"Ɗauke su, baban Sattar. Ba zan rufe gidan ba."