Sauda Ta Nuna Aiki

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a Bauchi, kuma dokata ɗaya ce: duk wanda ya kawo amsa bai nuna yadda ya same ta ba, sifili zan ba shi, ko ɗan waye. Bayan na yi ritaya sai maƙwabcina Abdulsalam, mai ɗinkin hula a Ƙofar Dumi, ya kawo mini 'yarsa Sauda. Makarantarsu ta zaɓe ta ta shiga gasar lissafi ta jiha, kuma wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi Abuja.

"Malam Mansir, ga 'yarka nan," in ji shi. "A gyara mana ita."

Shekararta goma sha uku. Tun tana ƙarama take ƙirga wa babanta ɗinkin zanen hula, har kanta ya saba. Ina rubuta tambaya a allo, kafin in ajiye alli ta faɗi amsa. Kuma daidai. Abin ya ba ni haushi, ba zan ɓoye ba, don ni sai na yi layi bakwai nake isa wurin.

"Ta ina kika bi?"

"Gani kawai na yi, Malam."

"Gani? Bokanci muke yi a nan?"

Wata uku na yi ina gyara ta, kullum bayan la'asar a zaurena. Duk amsar da ta zo ba aiki sai in soke ta da jan biro. Sau biyu ta yi kuka. A ƙarshe ta iya ja layi da rula, ta iya bin tambaya daki-daki kamar mai tsintar shinkafa, ni kuwa ina ta hura hanci. Takardar ƙa'idojin gasar da ta kawo mini, shafi biyu, kwanan wata kawai na duba na tura ta ƙarƙashin rediyo. Wa zai koya mini jarrabawa?

Ranar gasar na kai ta a babur har zauren taron a GRA. Ina zaune a inuwa sai ɗaya daga cikin masu shirya gasar, wata Madam Cecilia, ta zo wucewa. Na tambaye ta maki nawa ake ba wa aiki.

"Wane aiki, Baba? Tambaya sittin ce, minti arba'in. Su zaɓi amsa su cike da fensir, na'ura ke dubawa. Ai yana shafi na biyu."

Nan na tuna da takardar da na tura ƙarƙashin rediyo.

Sauda ta fito tana murmushi, rungume da takardu cike da rubutu.

"Nawa kika amsa?"

"Goma sha huɗu, Malam. Sauran ina ganin amsoshinsu, amma ban taɓa su ba, tunda lokaci ba zai isa in nuna aiki ba." Ta miƙo mini takardun da hannu biyu. "Sun ce ba sa karɓar waɗannan. Ka duba mini, ko layi ɗaya ban tsallake ba."

Kunya ta rufe ni. Na zaro jan birona don sabo, na bi su layi-layi a tsaye. Ban sami abin sokewa ba.