Aibinsa Tukuna

"Ajiye wannan kwalin," in ji Baba Mai Agogo daga kan gado.

Maganar ta fito a karkace, don tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye bakinsa ya goce gefe. Amma ni da nake tsaye a bakin ƙofa da kwanon abincinsa na ji ta sarai, Auta ma ya ji. Ya ci gaba da jan kwalin daga ƙarƙashin bencin aiki, ƙura tana tashi, agoguna suna ƙwanƙwasar juna a ciki.

"Baba, ka kwanta ka huta. Hoto kawai zan ɗauka."

"Na asibiti ne. Ban taɓa su ba."

"Na sani, Baba."

Ya sani ɗin kuwa. Kowa a gidan hayarmu ya san wannan kwalin da Baba yake kira asibiti, inda yake tara agogunan da bai kai ga gyarawa ba. Ni tela ce, ɗakina yana kallon nasa, taku huɗu ne tsakaninmu. Shekara tara ina jin ƙarar agogunansa, shi kuma yana jin ta kekena, har muka daina ba juna haƙuri. Auta kuwa ɗansa ne, ƙato mai furfura a gemu da har yanzu ake kira Auta. A shekara taran nan sau uku na ga ƙeyarsa. Sai da ya ji uban ya faɗi sannan ya iso da jaka ɗaya da turare mai hawa kai.

Baba tsofaffin agoguna yake saya, ya gyara, ya sa a gwanjo ta intanet, inda mutane suke tayawa har lokaci ya cika, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Da farko ba ya samun komai. A wurin gwanjon masu sayarwa sun fi a ƙirga, hoto biyu da layi uku ake ba mutum, Baba kuma layi uku ko gaisuwa ba su ishe shi ba. Sai wani mai sayen kayansa ya buɗe masa shafi na kansa, ya ce ya zuba surutunsa a can, a ƙasan kowane bayani a sa wurin da za a latsa ya kai mutum kan gwanjon. Idon Baba yana ganin haƙorin agogo da bai kai ƙwayar gero ba, amma haruffan kwamfuta sun gagare shi. Haka aikin ya faɗo kaina. Kowace Talata da hantsi nakan rufe keke, in zauna a kan kujerarsa mai ƙafa ɗaya gajeriya, shi yana faɗa ni ina bugawa.

Ranar farko na fara da "Agogo mai kyau, ɗan asali," sai ya buga mini sukudireba a kan benci.

"Goge. Aibinsa tukuna."

"Haba Baba! Wa ya taɓa tallan kaya da zagin kayan?"

"Rubuta. Yana jinkirin minti biyu a mako. Gilashinsa ba na asali ba ne, ni na sauya. Akwai tsaga a bayansa ta hagu."

Na rubuta ina ƙunƙuni, na ce wannan tsoho zai kashe mu da yunwa. Ashe ni ce ban san kasuwa ba. Mutane suka riƙa zuwa shafin don karanta aibin. Mai tayi ya san abin da zai tarar a kwali, sai ya saki jiki ya taya. Har suka sa masa suna a can, Tsoho Mai Faɗin Aibi. Ranar da na karanta masa sunan ya yi kamar bai ji ba, amma da yamma na ji shi yana maimaita wa mai shagon ƙofar gida. Ba shi da gida, ba shi da fili, matarsa ta daɗe da rasuwa. Wannan sunan ne kawai ya tara.

To, Auta ya karɓi kwamfutar, ya tambaye ni lambar sirri wai zai amsa saƙonnin masu tambayar jikin Baba. Ni kuma sakarya na ba shi. Kwana biyu bayan jan kwalin na buɗe shafin a wayata, sai ga agogunan asibiti ashirin da uku a jere, an goge su sun yi ƙyalli. A ƙarƙashin kowanne an rubuta da bakin Baba: "Na gyara shi da hannuna. Wannan karon ban sami aibi ba. Waɗannan ne na ƙarshe da zan fitar." Lambar sirrin kuwa an sauya ta.

Na tare shi a tsakar gida yana shan iska.

"Kai Auta, ba ka jin tsoron Allah? Ko ɗaya ba ya tafiya a cikinsu."

"Yaya, kasuwa ce. Kin ga yadda ake tayawa kuwa?"

"Sunan ubanka ake tayawa, ba agogo ba."

"To sunan na waye in ba namu ba? Ke dai ki ji da zarenki."

Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Na so in zuba masa ruwan kwanon da ke hannuna, sai na tuna ni zan sake ɗebowa.

Ranar Talata Baba ya kira ni, kamar yadda muka saba. Auta ya fita neman kwalaye.

"'Yar nan, karanta mini shafina."

Na zauna a gefen gadon, na buɗe waya, na fara ƙarya. Na ce an rubuta wani agogon katako mai ƙararrawa da ke cikin kwalin asibiti yana jinkirin minti uku. Ya dube ni da idonsa ɗaya mai motsi.

"Wannan sifirin ɗinsa, ƙarfen da ke juya shi, a karye yake. Ta ina zai yi jinkiri, abin da ba ya tafiya? Karanta abin da ke wurin."

Na karanta. Hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ya shanye, bai ma san ya zubo ba, ni na share masa da bakin mayafina. Wallahi ban taɓa jin na tsani mutum ba kamar yadda na tsani Auta a wannan hantsin.

Can ya ce, "Akwai takardu a aljihun benci."

'Yan ƙananan takardu ne masu zare, waɗanda yake ɗaura wa agogo idan an kawo gyara. Dabararsa ita ce mu rubuta aibin kowane agogo, mu tura takardar ciki ta ƙofar baya, inda Auta ba zai duba ba, tunda shi ko buɗe bayan agogo bai iya ba. Duk wanda ya saya zai buɗe ya ga gaskiya. Na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ina nuna masa, shi yana faɗa ba tare da ya taɓa ba. Wannan sifirin ne. Wannan haƙora biyu sun cinye. Wannan ruwa ya taɓa shiga. A saman kowace takarda ya sa na rubuta, "Ban gyara shi ba." Sannan in riƙe masa takardar a kan faranti, ya ja sa hannunsa da hagu, a karkace, yana nishi.

A ta biyar na tsaya.

"Baba, bari in ƙara cewa kana kwance, ɗanka ne ya sa su a gwanjo ba da yardarka ba."

"A'a."

"In ba a faɗa ba, wa zai gane?"

"Aibin agogo na ce ki rubuta. Ba na ɗana ba."

Na yi magiya, na yi faɗa, na ce wanda yake rufa wa asiri shi ne yake tona masa nasa. Ya rufe ido ya bar ni da surutuna. Haka muka gama ashirin da ukun, na mayar da su cikin kwali minti kaɗan kafin Auta ya shigo yana fito.

Gwanjon ya rufe ranar Juma'a. Asabar da safe Auta ya naɗe su da salatif, ya kira mota, ya tafi aikawa. Na shiga da ruwan zafi, Baba ya kama hannuna da hagunsa.

"Kin saka?"

"Na saka, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ya saki ajiyar zuciya, ya ce in buɗe masa taga. Na buɗe, na koma kan keke don akwai rigar da za a karɓa da rana. Ban kai ga gama hannu ɗaya ba na ji shirun ɗakin ya yi yawa. Da na leƙa, kansa yana fuskantar bencin, bakinsa a ɗan buɗe, rana ta kwanta a kan bargon. Ya tafi da imanin cewa ya wanke kansa. Wannan kaɗai nake gode wa Allah a kai.

Kwana goma bayan binne shi aka fara. Mai sayen farko da ya rubuta a wurin gwanjon har da hoto ya sa, takardarmu a gefe ɗaya, bayanin shafin a ɗaya gefen. "Ku duba," in ji shi. "Ya san bai gyara ba. Ya sayar mana, sannan ya saka mana takarda da sa hannunsa don ya yi mana dariya." Na biyu ya sa tasa takardar, na uku ma haka. Da ba mu saka komai ba, da wani ya ce a hanya ya lalace. Mu muka ba su shaida, da rubutuna. Garin gyaran gira muka rasa ido.

Na rubuta a wurin sharhi na shafin Baba cewa mutumin nan yana kwance ba ya iya ɗaga cokali lokacin da aka sa kayan. Ba a yi awa ɗaya ba aka goge. A wurin gwanjon kuwa sai wanda ya saya yake da bakin magana. Washegari Auta ya sa nasa bayanin, mai ladabi, har da hoton Baba da gilashin aiki a ido: "Mahaifina ya rasu. Shi ya rubuta bayanan nan a ƙarshen rayuwarsa, tsufa ya taɓa hankalinsa. Ku yafe masa." Wasu suka yafe. Wannan yafiyar ta fi zagin ƙona mini rai.

Ƙarshen wata ya kwashe bencin da kayan aikin, ya miƙa wa mai gida makulli. Da zai fita ya tsaya a ƙofata ya ce, "Yaya, a yafe mu." Ban ɗaga kai daga keke ba.

Jiya da rana mai kawo saƙo ya ƙwanƙwasa ɗakin Baba, ya ji shiru, ya juyo wurina da kwali. Sunan Baba ne a kai, an maido. Na sa hannu na karɓa. Na katakon nan ne mai ƙararrawa. Na buɗe ƙofar bayansa, takardar tana nan an ninke ta biyu, an mayar inda na saka ta. Na share ƙurar gilashin da ƙyallen atamfa, na ɗora shi a kan kanta sama da keke, tsakanin gwangwanin maɓallai da zare. Hannayensa suna kan huɗu saura minti goma.