Mijina Ya Ƙi Numfashi

Na auri mutumin da ba ya iya cin kifi sai ya ba ni labarin gidan kifin. Ki ajiye masa gasasshe a faranti, kafin ya kai loma zai ce, "Wannan a gindin murjani yake kwana, shi da iyalinsa." In na ce ci abincinka kafin ya huce, sai ya girgiza kai ya ce, "Ke dai Maman Hasri, ba ki ga komai ba. Rabin duniya a ƙasa take."

Saharung sunansa, ɗan ƙabilar Bajo ne, mazauna teku, a gidan katako kan ruwa aka haife shi, da nutso da kibiyar kifi ya ciyar da mu har furfura ta fito masa. Ni kuwa Wa Siami, 'yar garin Baubau, teku a ƙofar gidanmu take amma iyakata da ita gwiwa. Wannan gardamar tamu ta ishi 'yarmu Hasriani, wadda ke aikin jinya a birnin Makassar, ta kama mana ɗaki a tsibirin Tomia, ta sa sunanmu a wurin koyon nutso da tukunyar iska. A waya ta ce, "Baba ya kai Mama ƙasa ya nuna mata da idonta, kowa ya huta."

Na yi ta faɗa a bainar jama'a, amma a zuciyata ina so. Shi kuwa tun daga jirgi bakinsa ya ƙi rufuwa.

Mai koyar da mu wata yarinya ce siririya, Lisna, rana ta ƙona ta ta yi baƙi ƙirin, ga fara'a. Tana fara bayani maigidan ya katse ta.

"'Yar nan, ki ji da tsohuwar kawai. Ni ina nutso ba a yaye uwarki ba."

"To Baba, madalla," in ji Lisna. "Amma doka ɗaya ce a nan ba ta da babba. Muddin tukunya na bayanka, ba a riƙe numfashi. Ka shaƙa, ka fitar, ka shaƙa, ka fitar. Iskar da ka shaƙa a ƙasa kumbura take in kana hawowa. Ka riƙe ta, huhunka ne zai fashe."

"Numfashi za ki koya mini?" Ya dube ni yana dariya. "Kin ji ikon Allah."

Aka sa mini rigar roba, ta matse ni kamar ƙullin alala. Aka ɗora mana tukwane, muka durƙusa a ruwan da bai fi tsayin mutum ba. Karon farko na miƙe zumbur ina salati, na shanye rabin tekun. Saharung ya yi dariya har da riƙe ciki. Karo na biyu na zauna. Ashe abin ba wuya. Macen da ta yi rayuwarta tana ciniki a kasuwar Wameo ta garinmu ba za a koya mata fitar da iska daga baki ba. Kumfa kawai nake saki, buu, buu, ina jin daɗin kaina.

Sai na waiwaya na ga mijina. Yana zaune a kan yashi, ya naɗe ƙafa, hankali kwance, bututun iska a baki. Ko ɗigon kumfa babu a kansa. Lisna ta matso ta ƙwanƙwasa masa ƙirji. Ya saki kaɗan, kamar mai ba da aro, ya sake rufewa. Ta ɗaga babban yatsa, alamar mu hau.

"Baba, ka riƙe."

"Ban riƙe ba."

"Ka riƙe mana, Baban Hasri," na ce. "Ina kallonka, ka yi zuru kamar tulu."

"Ke da kika shigo ruwa ɗazu-ɗazun nan har kin zama malama?"

"Ni dai ba a ƙwanƙwasa mini ƙirji ba."

Haka muka yi ta fama. Lisna ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta sa shi ya riƙa gunaguni a cikin bututun, ya yi, da ya ga wani kifi ya gifta sai ya manta. Ta sa shi ƙirga numfashi da yatsu. Ni ma na ba da tawa gudummawar, na ce ya riƙa tuna ranar da ƙanena ya ari injin kwalekwalensa ya dawo da shi a buhu, ai dole ya yi huci. Ya yi huci kuwa, kumfa ta tashi har Lisna ta tafa, amma fushin na wucewa ƙirjin ya koma ya kulle. Ni ina ta gaba, na iya fitar da ruwa daga gilashin fuska, na iya cire bututu in mayar, shi yana nan inda yake.

Ana gobe za a kai mu bakin murjani mai zurfi, Lisna ta same mu a rumfa muna cin kasuami, dambun rogonmu, da romon kifi. Ta durƙusa gefensa, ba ta zauna a kujera ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Mama za ta sauka gobe. Kai ba zan iya saukar da kai da tukunya ba. In wani abu ya same ka, me zan ce wa 'yarka?"

Na zaci zai tashi da faɗa. Sai kawai ya ture kwanon. Bayan ta tafi ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Ba taurin kai ba ne, Siami. Da ruwa ya rufe kaina, jikina ke rufe ƙofa da kansa. Tun ina ƙarami abin da ya hana ni mutuwa ke nan. Yanzu an ce shi zai kashe ni."

Rabon da ya kira sunana gatsau haka har na manta. Tausayinsa ya kama ni sosai, na ji kunyar duk tsiyar da na yi masa.

"To na fasa. Ni kifi na san shi a kasko, ya ishe ni."

"Za ki je."

"Wa zai nuna mini? Ai kai aka ce ka kai ni."

"Na ce za ki je. Kada ki sa yarinya ta yi ɗawainiyar banza." Ya tashi ya bi bayan Lisna, na hango su a bakin kwalekwale suna magana, ita tana girgiza kai, shi yana ta kwatance da hannu. Ban tambaya ba, na san halinsa.

Washegari ya biyo mu cikin kwalekwalen da gajeren wando da hular kaba, ya zauna can baya kusa da mai tuƙi. Muka faɗa ruwa ni da Lisna, muka bi igiya a hankali, ina matse hanci kunnuwana suna buɗewa, har gwiwata ta taɓa yashi.

Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Launi ko'ina, kifaye suna kai da komo. Amma ban san inda zan kalla ba, ban san kowa ba, kamar an kai ni bikin da ba dangina. Ina durƙushe ina sakin kumfa, raina babu daɗi.

Sai Lisna ta taɓa kafaɗata ta nuna sama.

Ga shi nan yana saukowa, kai ƙasa, babu tukunya, babu takalmin roba, sai tsohon tabaraunsa na nutso, na katako, da ya sassaƙa da hannunsa. Ya juya ya dira da ƙafa a gabana, ya fara tafiya a kan yashin, tafiya sosai, taku bayan taku, hannu a baya kamar mai zagaya gonarsa. Ya yafito ni. Ya nuna wani rami, ya nuna wani reshen murjani, ya ɗaga mini gira, sannan ya doki ƙasa ya yi sama. Kafin in gama mamaki ya huta ya sake dawowa. Ashe abin da suka ƙulla ke nan: shi da numfashinsa, ni da tukunyata, bisa sharaɗin ko kusa kada ya taɓa bututuna.

Ban san sau nawa ya sauko ba. A gida mutumin nan sai ya yi nishi uku kafin ya tashi daga tabarma, in na aike shi kasuwa ya dawo yana dafa ƙugu. A nan babu ko ɗaya. Jikinsa ya miƙe, fuskarsa ta saki, kifaye suna ratsa gefensa ko a jikinsu. Duk shekarun nan da safe nake sallamarsa, da yamma in karɓi kifi in yi mitar ya yi kaɗan, ban taɓa ganin inda yake zuwa ya zama wannan mutumin ba. Hawaye suka taho mini, dole na yi abin da aka koya mini, na ɗaga kai na fitar da ruwa daga gilashin.

Da muka hau kwalekwale yana kwance a kan katako yana haki, amma bakin bai mutu ba.

"Kin ga kififiyar da ke barci a ƙarƙashin dutsen?"

"Ban gani ba."

"Jan kifin nan mai manyan idanu a cikin rami fa?"

"Shi ma."

Ya tashi zaune. "To me kike kallo tun ɗazu, ina ta kashe kaina ina nuna miki?"

"Kai nake kallo."

Mai tuƙi ya fashe da dariya, Lisna ta rufe fuska da tawul. Saharung ya jawo hularsa ya sauke ta har kan hanci, kunnuwansa sun yi ja. Sai can, da murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "'Yar nan, gobe da wane lokaci kwalekwalen ke tashi? Matar nan ba ta ga komai ba tukuna."